Zagayen Tafkin Kivu a mota don cikar shekara goma da aure: gari nawa za mu iya a kwana bakwai?

“Assalamu alaikum. A ƙarshen watan Yuli ni da uwargidana za mu cika shekara goma da aure. Tun da muka yi aure ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba, kullum ko da yara, ko zuwa biki, ko gaisuwar rasuwa. Na tara ɗan abin da ya samu, na karɓi hutun kwana bakwai, kakar yara ta yarda za ta riƙe su. Wani abokin aikina ya nuna mini hotunan Tafkin Kivu na ƙasar Ruwanda, wurin ya kwanta mini a rai. Ina so in ɗauki hayar mota a Kigali in tuƙa da kaina, mu bi Rubavu da Karongi da Rusizi, mu shiga dajin Nyungwe, in da hali ma mu leƙa Goma. Ban gaya mata ba, so nake ta gan ta a filin jirgi kawai. Sai dai tana yawan jiri a mota. Yaya zan tsara?” Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya kai mu ranar lafiya.

In na fahimce ka, kana neman a jera maka garuruwan bakin tafkin yadda za ku taɓa kowanne cikin kwana bakwai, kai ne a sitiyari, uwargida kuma ba ta sani ba sai ranar tashi. To, akwai maganar da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa tana jiri a mota. Wannan maganar ce ya kamata ta tsara tafiyar gaba ɗaya, ba taswira ba. Na zauna a Kigali shekara uku a bakin aiki, na bi hanyar bakin tafkin nan da iyalina, na kuma tsara wa baƙi da dama irin wannan tafiya. Kusan duk wanda ya dawo yana ƙorafi, gari ya yi masa yawa, kwana ya yi masa kaɗan.

Wurin da za ku

Tafkin Kivu yana kan iyakar Ruwanda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a tudu mai tsayin kimanin mita 1,460 daga matakin teku, wato ya fi Jos tudu. Ruwanda ce ke riƙe da gaɓar gabas. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu bikin aure, domin daga ɓangarenku rana kan faɗi ne a kan ruwan, ta nutse bayan duwatsun Kwango, wajen ƙarfe shida na yamma a kowane wata na shekara. Manyan garuruwan bakin ruwan uku ne: Rubavu a arewa, Karongi a tsakiya, Rusizi a kudu. Za ka ji direbobi da dattawa suna cewa Gisenyi, Kibuye, Cyangugu. Wurare guda ne, tsofaffin sunaye ne na kafin sauya fasalin gundumomi a 2006. Haka Musanze ita ce Ruhengeri, Huye ita ce Butare, Muhanga ita ce Gitarama. Ka riƙe sunayen biyu-biyu, don kada a ce maka “motar Kibuye” ka tsaya kana neman ta Karongi.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi. Yuni zuwa tsakiyar Satumba shi ne babban rani a can. Damina mai ƙarfi tana Maris zuwa Mayu, kuma a yammacin ƙasar ba wasa take ba: a Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe fiye da mutum 130, akasarinsu a gundumomin da za ku ratsa. Watan Afrilu kuma, daga 7 ga wata, lokacin makokin kisan ƙare dangi ne na 1994, ba lokacin shagali ba. Ku kun tsallake duka biyun.

Amma duba kalanda a kan abu guda. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata ana yin umuganda, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya. Daga safe zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya shaguna a rufe suke, motoci ba sa zirga-zirga sai masu larura. Tun da ƙarshen Yuli za ku zo, da wuya ranar ba ta faɗo cikin kwanakinku ba. Ka sa ta ranar barcin safe, kada ka sa ta ranar kama hanya.

Shiga ƙasar ba wuya. Ɗan ƙasar da ke cikin Tarayyar Afirka ana buga masa izinin kwana 30 a filin jirgi ba tare da ya biya ba. Ku tabbata fasfo yana da sauran wata shida, ku riƙo katin rigakafin shawara. RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali kai tsaye, awa huɗu da wani abu, ko ku bi Ethiopian ta Addis Ababa. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. An haramta leda a ƙasar tun 2008, don haka yajin uwargida da kayan shafarta a zuba su a kwalba ko gwangwani tun daga gida.

Abin da taswira ba ta nunawa

Daga Kigali zuwa Rubavu ta Musanze kilomita 150 ne da ’yan kai, kamar Kano zuwa Zariya. Ɗan arewa in ya ga wannan sai ya ce awa biyu ta ishe shi. Ba ta isa. Ka lissafa awa uku da rabi, har huɗu in za ku tsaya. Ba don hanyar ta lalace ba, kwaltar lafiya lau take. Dalilin shi ne ƙasar duk tuddai ce, kuma hanyar ba ta miƙewa. In ka san Hawan Kibo, to ka ɗauka shi ne aka yi ta maimaitawa daga safe har azahar. Kwana na bin kwana, layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa, babbar mota na gabanka tana rarrafe, masu keke ɗauke da buhunan dankali da tulunan madara suna gangarowa a guje, mutane kuma ba sa yankewa a gefen titi, domin Ruwanda na cikin ƙasashen Afirka da suka fi cunkoson jama’a. Ga kyamarorin gudu da aka kafa ko’ina, waɗanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Sofiya. Allo zai ce 40 ko 60, a wasu wurare 80, kuma da gaske suke. Tara kan lambar mota take zuwa, kamfanin haya ya cire a kuɗin ajiyarka.

Rubavu zuwa Karongi bai kai kilomita 100 ba, amma ka ba shi awa biyu da rabi zuwa uku. Karongi zuwa Rusizi ta Nyamasheke, wata awa ukun. Daga Rusizi ka ratsa Nyungwe ka fito Huye ka nufi Kigali, awa biyar zuwa shida, kuma ɓangaren cikin dajin ya fi ko’ina murɗe-murɗe. Tara su, za ka ga zagayen da ka zana awa goma sha biyar ne na lanƙwasa, ban da tsayawa. Ga mai jiri wannan ba hutu ba ne.

Ni na yi wannan kuskuren da kaina, shi ya sa nake ɗaga murya. Karon farko da na kai maiɗakina, na ce mu tashi Rubavu bayan azahar, mu tsaya gonar shayi, mu isa Karongi kafin magariba. Ta ci abinci ta ƙoshi, ta zauna tana duba hotuna a waya, ba mu yi awa ɗaya ba amai ya taso. Muka riƙa tsayawa kowane minti ashirin. Duhu ya same mu a hanya, hazo ya sauko, muka isa masauki an rufe kicin. Burodi da shayi muka ci, ita ko kallona ba ta yi. Tafkin da na yi ta yi mata kirari, sai da safe ta gan shi.

Tsarin da zan ba ka

Kwana ɗaya a Kigali, biyu a Rubavu, uku a Karongi, ɗaya kuma a Kigali kafin tashi. Ka jera su yadda ranar cikar auren za ta faɗo a tsakiyar kwanakin Karongi, ranar da ba wanda zai taɓa makullin mota. In lissafin tikiti bai ba da haka ba, tikitin za ka motsa, ba ranar ba. Da wannan tsari tuƙi uku ne kacal a mako, kowanne da safe, kowanne ƙasa da awa huɗu, tsakaninsu kuma akwai hutu.

Me ya sa Rubavu da farko? Domin ita ce mai hayaniya, Karongi ce mai natsuwa, kuma ya fi daɗi mutum ya taso daga kasuwa ya ƙare a lambu. Hanyar Musanze ma tana da wuraren tsayawa da za su raba wa uwargida tafiyar. Bayan kamar awa ɗaya daga Kigali akwai Nyirangarama, tashar da kusan kowace mota ke tsayawa. A nan ake yin Akabanga, man barkonon nan da ake sayarwa a ’yar kwalba kamar ta maganin ido. Ɗigo biyu sun isa, kada ka yi masa zubin yajin tsire. Ka saya da yawa, tsaraba ce mai kyau. A Musanze, in sararin sama ya washe, za ku hangi jerin duwatsun Virunga, mafi tsayinsu Karisimbi mai mita 4,507. Wurin akwai sanyi, ku sa rigar sanyi kusa, kada ta kasance a ƙasan akwati. A nan ake zuwa ganin goggon biri, amma kuɗin izinin ya kai dala 1,500 ga kowane baƙo a farashin da aka saba, ga hawan dutse cikin taɓo. Ni ba zan sa shi a tafiyar nan ba.

Rubavu gari ne na iyaka, manne yake da Goma ta ƙasar Kwango, har za ka rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Akwai bakin ruwa mai yashi inda jama’a ke taruwa ranakun hutu, da tsofaffin gidaje na zamanin Beljiyam a jere ƙarƙashin itatuwa. Shawarata kada ku kwana a tsakiyar gari. Ku gangara kudu ’yan kilomita zuwa Rubona, inda ruwan ya shigo ya yi lungu, masaukai suna kan gangara suna kallon tafki. Kusa da nan, a Nyamyumba, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke fitowa daga ƙasa dab da tafkin. Wurin wankan jama’a ne, maza da mata, saboda haka ku je da niyyar gani da tsoma ƙafa. A hanyar shigowa gari kuma za ku wuce gonakin shayin Pfunda, kore shar har iyakar gani. Kwana biyu sun ishi Rubavu.

Karongi, inda ya kamata ku daɗe

Karongi ƙaramin gari ne, ba abin da ke faruwa a cikinsa, kuma wannan ne amfaninsa. A nan gaɓar ta kakkarye, tuddai sun shiga cikin ruwa kamar yatsun hannu, tsakaninsu lunguna, gabansu ƙananan tsibirai. Kusan kowane masauki yana kan nasa tudun. Abin da nake gaya wa kowa: lokacin kama ɗaki ka tambaya ƙarara ko barandar tana kallon yamma, kuma matakala nawa ce daga wurin ajiye mota zuwa ɗakin. Wasu wuraren sai ka sauka matakala fiye da ɗari, ka sake hawa duk sanda za ka ci abinci. Hoto ba ya nuna wannan.

Ranar farko ku huta kawai. Rana ta biyu, da sassafe, ku ɗauki kwale-kwale mai inji zuwa tsibirai. Na ce da sassafe domin ruwan a kwance yake da safe, da la’asar iska kan taso ya fara rawa, mai jiri a mota kuwa ba za ta gode maka ba. Akwai tsibirin da ake kira Napoleon saboda ya yi kama da hularsa, dubban jemagu ne a itatuwansa, kuma ana hawa ƙololuwarsa a hangi tafkin ta kowane ɓangare. Akwai Amahoro, ma’ana zaman lafiya, na zama a sha iska. In kun yi sa’a za ku ga shanu suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo, kai da ƙaho kawai a sama. Bafulatanin da na taɓa kaiwa sai da ya miƙe tsaye a cikin jirgin. Ku gama ciniki kafin ku shiga, a faɗi tsibiri nawa da awa nawa, kuma kada ku taka jirgin da ba shi da rigar kariya ta kowa. Tafkin nan zurfinsa ya haura mita 470 a wasu wurare, kuma a Karongi gaɓar kan zurma nan take.

Abin da ya fi komai tsaya wa mutane a rai kuwa kyauta ne. Dab da magariba masunta kan fito da jiragensu, uku-uku a haɗe da dogayen sanduna, suna tuƙi da filafili suna rera waƙa tare don hannu ya zo ɗaya. Muryar kan biyo ruwa ta iso baranda tun kafin ka gan su. In duhu ya yi sai su kunna fitilu, tafkin ya cika da ɗige-ɗigen haske, su kwana suna kamun sambaza, wani ɗan ƙaramin kifi da aka kawo daga Tafkin Tanganyika a 1959 ya zama abincin yankin. Hasken fitila ne ke jawo kifin, don haka in farin wata ya yi ƙarfi sukan huta. Duba kwanan watan Musulunci: in ranarku ta faɗo 13 zuwa 15, wataƙila wata za ku samu maimakon fitilu. Hukuma ma kan dakatar da su na wasu makonni a shekara don kifi ya hayayyafa, sai ka tambayi masaukin kafin ku taso.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba game da Karongi. Yankin na cikin inda kisan ƙare dangi da aka yi wa Tutsi a 1994 ya fi muni. Cocin da ke kan tudu yana kallon tafki wurin tunawa ne, a tuddan Bisesero kuma dubban mutane suka yi ta kare kansu da duwatsu da masu har aka kusa ƙarar da su. Ina ganin bai dace baƙo ya zo ya sha iska ya koma bai san ƙasar da ya taka ba. Amma ku yi wannan a ranar farko a Kigali, a wurin tunawa na Gisozi inda aka binne fiye da mutum 250,000, ku ba shi awa biyu, ku bar zuciya ta sauka kafin ku kai bakin ruwa. Kuma kada ka tambayi kowa ko shi Hutu ne ko Tutsi. Mu a gida “kai wane yare ne” gaisuwa ce, a can ba haka ba ne.

In ka nace sai Nyungwe

Ban ce ba shi da kyau ba. Daji ne na tuddai mai daɗaɗɗen tarihi, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2023, kuma a Uwinka akwai gadar igiya mai tsawon mita 160 da ke rataye kimanin mita 70 sama da ƙasa. Hanyar Nyamasheke ma tana da kyau ƙwarai, gonakin kofi da ayaba suna gangarawa har bakin ruwa. In dole ne, ka rage Rubavu zuwa kwana ɗaya, Karongi biyu, ku kwana biyu a wajen Gisakura da ke bakin dajin ko Rusizi, sannan ku hau jirgi daga Kamembe, filin jirgin Rusizi, zuwa Kigali, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, direba ya dawo da mota. Ka ga wannan sai da direba. Asarar da za ku yi ita ce Nyanza, inda fadar sarakunan da take da shanun inyambo masu dogayen ƙahoni da ake yi wa kirari kamar ’ya’yan sarauta. Ni dai da ni ne, Nyungwe zan bar wa shekara ta sha biyar. Rusizi kanta gari ne na kasuwanci da iyaka, kyanta hangen Bukavu ta Kwango ne a tsallaken ruwa, ba ta kai a sha awa uku dominta kaɗai ba.

Kai a sitiyari, ko direba

Hannun dama suke bi kamar mu, alamomin hanya a fili suke, ’yan sanda ba sa neman na goro, kai ma kada ka kuskura ka miƙa. Da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa za ka iya, kuma a rani ba ka buƙatar babbar mota sai in masaukinku yana ƙarshen hanyar burji. Amfanin tuƙa kanka shi ne sirri: ku biyu ne, ku tsaya inda kuka so, ta jingina yadda ta so. Illarsa ita ce idonka ba zai bar kwalta ba, ita za ta ga tafki kai ka ga bayan tirela, ka isa a gajiye. Direba kuma ya san kwanonin, yana jin Kinyarwanda, ya san inda banɗaki mai tsabta yake, amma mutum na uku ne a motar ma’aurata, ga kuɗin kwanansa da abincinsa da dole a yi maganarsu tun farko.

Ga wanda bai taɓa tuƙi a tuddai ba, ni direba nake zaɓa masa, da sharaɗin ya sauke ku ya tafi nasa masaukin, sai ranar tashi ya dawo. In ka saba da hanyar Jos ko Mambila, tuƙa kayanka. Kowanne ka zaɓa, uwargida ta zauna gaba, idonta a nesa, waya a jaka, karin kumallo mara maiƙo, gilashi a ɗan sauke, citta a kusa. Gangara da giyar mota ake saukarta, ba da birki ba. Ba tafiyar dare. Maganin jiri kuwa da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, likitanta za ta gani kafin ku taso, musamman in akwai yiwuwar juna biyu. Wannan ba fannina ba ne. Ku tambaye shi har batun tsargiya in kuna da niyyar iyo. Kivu ba shi da kada ba shi da dorina, amma ruwan tafki ne, gara wurin da ruwa ke da zurfi da motsi a kan bakin da ciyayi suka kwanta.

Goma, dutse mai aman wuta, da iskar da ke ƙarƙashin ruwa

Goma ka cire ta. A Janairun 2025 ’yan tawayen M23 suka karɓe garin, a Fabrairu suka shiga Bukavu, kuma lokacin faɗan Goma harsasai sun faɗo cikin Rubavu har aka rasa rayuka. Ɓangaren Ruwanda ya koma harkokinsa, amma lamarin iyaka abu ne mai juyawa cikin kwanaki, abin da na faɗa yau ba lallai ya zama na Yuli ba. Mako biyu kafin tafiya ka bi labarai, ka kira masaukin, kuma ka kama ɗakin Rubavu da sharaɗin za a iya sokewa. In ka ji zuciyarka ba ta kwanta ba, ku kwana a Musanze kusa da tagwayen tafkunan Burera da Ruhondo, ku wuce Karongi. Karongi tana nesa da mashigan iyaka biyun. A jirgin ruwa ma a tsaya a gaɓar Ruwanda, babban tsibirin nan Idjwi na Kwango ne.

Arewa da Goma akwai dutsen Nyiragongo, wanda ya yi aman wuta a 2002 da kuma Mayun 2021, girgizar da ta biyo baya ta tsattsaga gidaje a Rubavu. Sai kuma abin da wani zai turo maka a WhatsApp da zarar ya ji za ku, cewa tafkin zai iya fashewa. Tushen maganar gaskiya ne. A can ƙasan ruwan akwai iska mai ɗimbin yawa a narke, irin mai shaƙe numfashi da irin mai kama wuta, nauyin ruwan sama ne ya danne ta kamar murfin kwalbar lemo. Irin mai shaƙe numfashin ce ta ɓalle a Tafkin Nyos na Kamaru a Agustan 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700 cikin dare ɗaya. Bambancin Kivu shi ne ruwan ƙasa ya fi na sama gishiri da nauyi, sun jeru hawa-hawa ba sa cakuɗuwa, masana na auna shi a kai a kai, kuma ana zuƙo mai kama wutar ana yin lantarki da ita. Tashar KivuWatt da ke Karongi, wadda aka ƙaddamar a 2016, tana ba da megawat 26. Mutum miliyan biyu ne ke kwana suna tashi a bakin tafkin. Kwananku biyar ba abin hana barci ba ne.

Ci da sha da salla

Musulmi ’yan tsiraru ne a Ruwanda. A Kigali unguwar Nyamirambo da Biryogo nan ne gida, masallatai da gidajen abinci na halal birjik, a Rubavu ma akwai Musulmi da masallatai. A Karongi kuwa kifi ne mafita: sambaza soyayye ƙarau da lemon tsami, ko karfasa gasasshiya da soyayyar ayaba. Ka riƙe kalma ɗaya, akabenz. Naman alade ne, kuma sunan ba ya nuna haka. Tsiren akuya da suke kira buroshet yana ko’ina, sai ka tambayi wanda ya yanka da kuma ko a waya ɗaya ake gasa shi da naman alade. Ku ɗanɗana isombe, miyar ganyen rogo, da ikivuguto, wanda kindirmo ne sak. Ba a cin abinci ana tafiya a titi, abin kunya ne a wurinsu.

Alƙibla ta ruɗa mutanenmu da yawa. Mun saba da fuskantar gabas, amma daga Ruwanda Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas. In kana bakin tafki kana kallon faɗuwar rana, alƙibla tana hannunka na dama. Ku tafi da darduma. “Muraho” sannu ce, “murakoze” na gode, su biyun za su buɗe muku fuska a ko’ina. Kuɗin masauki da na hayar mota ba zan sa a nan ba, domin da naira da faran ɗin Ruwanda duk motsi suke. Ka nemi farashi a rubuce daga wurare uku, ka sayi layin waya a filin jirgi, ka riƙe tsabar kuɗi don masu kwale-kwale.

Batun ɓoye mata

Ka gaya mata, Malam. Mace mai ’ya’ya da za ta bar su mako guda tana da lissafin da kai ba ka san da shi ba: wa zai kai su Islamiyya, maganin wane ya kusa ƙarewa, me za ta ɗinka, yaushe za ta yi kitso da lalle, kuma kwanakin sun dace da jikinta ko a’a. Ga fasfo, ga allurar shawara wadda sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, ga ganin likita. Ba ɗaya da za ka iya yi a bayan idonta. Na ga wanda ya yi irin wannan bajinta, matar ta kwana biyun farko a waya tana tsara gida daga nesa. Faɗa mata ƙasar da kwanakin tun yanzu, ka nuna mata tsari biyun, mai Nyungwe da mara shi, ita ta zaɓa tun da cikinta ne zai biya kuɗin kwanonin.

Abin da za ka ɓoye shi ne daren kansa. Ka yi magana da masaukin Karongi a sa muku tebur a baranda ku biyu, ka ɓoye kyautarta a jakar kwamfuta inda ba ta dubawa. Kuma ka san cewa kicin ɗin Ruwanda ba ya gaggawa, awa ɗaya a jiran abinci ba komai ba ce, babban kifi ya fi haka. Ka ba da odar tun ƙarfe huɗu, ka ce a kawo bakwai saura kwata, don ku samu ku ga fitowar masunta, ku yi magariba, kifin ya iso da zafinsa.